Gonar da Ɗangana Ya Ƙi Nomawa

Ɗangana Bagunge ne, ɗan ƙabilar mazauna tsibirai, manomin albasa. A wani tsibiri aka haife shi, tsakiyar kogin Kwara. Da aka gina madatsar Kainji, ruwa ya haɗiye tsibirin, aka kwashe mutanensa zuwa tudu kusa da Warra, aka ba kowa ɗaki da gona. Tasa gonar ta faɗo a kan tsakuwa, nesa da ruwa. Sau ɗaya ya zagaya ta, ya ce shi bakin ruwa aka karɓe masa, bakin ruwa za a mayar masa.

A garinsu, wanda aka yi wa musayar gona, in ya zuba mata iri, ya janye ƙararsa ke nan. Don haka bai taɓa sa mata fartanya ba. Ya koma tuƙin jirgin fito, matarsa Tabawa tana bandar kifi.

Duk damina sai ta ce, “Malam, ko gero ne ka watsa. Ciki bai san shari'a ba.”

“In na shuka, da wane baki zan yi magana?”

Ya je wurin dagaci, ya je wurin hakimi, har Sakkwato ya kai kansa. Ko'ina aka ce masa abin ya fi ƙarfinsu. Shekara goma sha biyu yana wannan yawo.

Wata rana a bakin tafkin madatsar ya ji rediyon abokinsa Cindo tana labarin Kotun Duniya, wadda aka ce har gwamnatoci take tsayarwa a gabanta. Ya ajiye filafilin tuƙinsa.

Cindo ya yi dariya. “Kai da ko Ikko ba ka sani ba! Da jirgin ga naka za ka?”

“Takarda za ta, sarkin surutu.”

Malam Basiru, malamin firamare, shi ya rubuta masa da Turanci. Ɗangana ya sa aka zana iyakar tsohuwar gonar tun daga tsamiya har kabarin kakansa, dattawa uku suka dangwala yatsa. Damina biyu suka wuce, sannan amsa ta zo. Malamin ya buɗe ta, ya karanta.

“Mi sunka ce, Malam?”

“Baba, sun ce su ƙasa da ƙasa suke wa shari'a. Ba su karɓar ƙarar mutum ɗaya. Sai gwamnatinka ta kai.”

“Gwamnatin da nike ƙara?”

“Ita.”

Kwana uku bai fita fito ba. A na huɗu ya saɓi fartanya, Tabawa na biye da ƙwaryar iri. Suka tarar da dawa ta kai gwiwa a gonar, wani magidanci mai suna Arzika yana noma da iyalinsa. Ashe tun bara dagaci ya ba shi, don gonar da ta daɗe ba a noma ta, hannun dagaci take komawa. Arzika ya rusuna ya gaishe shi, kunya ta hana shi ɗaga kai. Ɗangana ya yi musu barka da aiki, ya juya.

A hanya ya ce, “Tabawa, ke kinka yi gaskiya.”

“Da ban yi ba ya fi mani.”

Ya ci gaba da fito har hannuwansa suka gaza. 'Ya'yansa uku sun tashi ba su da ko taki ɗaya na ƙasa, a gonakin mutane suke ƙwadago.