Ina Aka Kai Wanda Ya Faɗi?

Makon jiya maƙwabciyata tana hura wuta a bayan katangarmu, sai ta sa gwiwa ta karya busasshen karan hatsi. Ƙas! Ina zaune da takardu a gabana, amma sai da na ajiye biro. Na girma, na yi jami'a na dawo, amma har yau kunnena bai yarda cewa wannan ƙarar ta kara ce ba. Bari in gaya maka dalili, mai karatu, gwargwadon abin da na iya tunawa. In ka ji na yawaita cewa "ina jin" ko "wataƙila", ka yi haƙuri. Tsoro nake ji kada in ɗora wa wani abin da bai yi ba, ko in sauke wa kaina abin da na yi.

Kakana na wajen uba maɗori ne, kuma duk Dakoro an san zaurensa. Kana shiga warin man shanu ne zai fara tarbarka, sannan ka ga damin kara da aka yayyanka daidai wa daida a jingine, da tsummokara masu tsabta a rataye. Ana kawo masa mutane a amalanke daga Ɗan Gulbi, wasu a kan raƙumi daga Tagriss: wanda doki ya kayar, wanda ya zame a bakin rijiya, wanda saniya ta harba. Abin da ya fi ba ni mamaki da shi, ba ya manta ƙashin da ya taɓa ɗorawa. Ranar kasuwa zai tsayar da mutumin da ya rabu da gani shekara biyar, kafin gaisuwa ta ƙare ya ce, "Ƙafar nan fa?"

Wata shekara da kaka, ana cikin ɗaure dammunan hatsi, ƙanin mahaifina da muke kira Baba Ƙarami ya dawo daga cirani a Abijan. Ya zo da tele, da bidiyo, da batirin mota, da kasakasai cikin kwali. Akwai kaset ɗaya da ya fi sauran cin kasuwa. Wani shiri ne aka naɗo daga gidan tele na can, kuma babu komai a cikinsa sai karo. Ba a nuna wasa daga farko, ba a nuna wanda ya ci. Ɗan ƙwallo ne zai taho a guje, wani ya zo ya kwashe masa ƙafafu, ya tashi sama ya faɗo. Sai kiɗa ya tashi, mai sharhi ya fashe da dariya yana zuba Faransanci, a sake nuna faɗuwar har sau uku, a hankali, kamar mutum yana iyo cikin kunu. Daga nan a wuce ta gaba, wadda ta fi ta muni.

Ranar Juma'a bayan la'asar ake kunnawa a ƙarƙashin rumfa. Kaka da kansa ya fito ya zauna a kan buzunsa, don shi mutum ne mai son ganin abin da bai sani ba. Can tsakiyar kaset sai fili ya koma fari fat, ga wasu ƙatti sun yi shigar ƙarfe suna sulɓi, kowa da doguwar sanda, suna maka juna da bango.

"Kai, waɗanga wane irin makiyaya ne?" in ji Kaka. "Ga sanduna, ba shanu."

"Wasa ne, Baba. Bisa ƙanƙara suke yi."

"Ƙanƙara? Wadda ɗiya ke tsinta su tsotsa in an yi ruwa?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba, ya ƙara matsowa. Da aka maimaita faɗuwar wani sau uku, sai ya dafa gwiwar Baba Ƙarami. "Shi wanga bawan Allah mi ya yi musu, da zai tashi a sake kayar da shi har sau uku?"

"Ralanti ke nan, Baba," in ji Baba Ƙarami, idonsa na kan tele. Bai ƙara bayani ba.

Mu yara sai muka ɗauki abin yadda ya yi mana daɗi: ralanti wata karramawa ce. In ka kayar da mutum da kyau, sai a tsayar da wasa, ku sake yi a hankali don kowa ya gani. Ban tabbata mun yarda da haka har zuci ba. Ina jin rabi mun san na'ura ce ke maimaitawa, rabi kuma ba mu so mu sani.

Kaka ya zauna har kaset ya ƙare. Yana ta ambaton ƙasusuwa ƙasa-ƙasa: wannan ƙwauri ne, wannan kafaɗa ce ta goce, wancan kuwa wuya ne, Allah ya kiyaye. Da tele ta koma yayyafi, sai ya dube mu.

"To, ina aka kai wanda ya faɗi? Wa ya ɗora shi?"

Ba wanda ya sani.

"Ai na zaci a ƙarshe za su nuna," ya ce. Ya naɗe buzunsa. "Sun manta."

Da aka gama kwashe amfanin gona, gonar Kaka ta bakin gari ta zama filin ƙwallonmu. Mun share abin da muka iya, amma tushiyoyin kara suna nan birjik a cikin rairayi. Ni tun asali tsoron ƙwallo nake yi, in ta nufo ni sai in rufe ido. Don haka aka ba ni aikin ɗan rediyo. Na soka gwangwanin tumatir a kan kara a matsayin abin magana, ina bin gefen fili ina sharhi da Faransancin da ban sani ba, gauraye da Hausa. A nan ne na fara jin cewa ni ma wani ne. Yayana shi ke tsaron baya, kuma na lura in na zuga shi sai ya ƙara ƙarfi. Ni ne kuma na shigo da dokar ralanti. Duk wanda aka kayar, in na ɗaga gwangwani na yi kira, dole ya tashi a sake kayar da shi a hankali. Yara suna son abin ƙwarai. Wanda bai sami ralanti ba ranar, sai ya koma gida kamar bai yi wasa ba.

A wannan kakar gwaggona ta zo daga Azagor, inda take aure a gidan makiyaya, don ta karɓi rabonta na hatsi. Ta zo da ɗanta, taubashina, sa'ana ne. Siriri, ƙafafu kamar na barewa, ba mai kamo shi a guje. Bakinsa kuwa ba ya hutawa a kaina. "Bawana mai gwangwani," haka yake kirana, ni kuma in ce masa ɗan daji. Yana ta yi mana alfahari cewa bana ubansa zai ba shi garken awaki nasa na kansa, da sun koma arewa. Ya riga ya sassaƙe sandarsa, yana kwana da ita.

Ranar da abin ya faru, Baba Ƙarami da wasu samari sun tsaya kallonmu a gindin aduwa. Ina jin wannan ne ya sa muryata ta fi kullum tashi. Taubashina ya ɗauko ƙwallo ya wuce mutum biyu, yayana ya zo ya kwashe shi. Samari suka yi ihu. Ya faɗi, ya tashi zaune yana riƙe da ƙwaurinsa.

"Ralanti!" na ce cikin gwangwani.

"Bawana, bari," ya ce. "Ƙafar ta yi wani iri."

Na ji shi. Wannan kam ba zan ce wataƙila ba. Na ji shi sarai, na dubi samarin da ke dariya, na sake cewa, "Ralanti! Ɗan daji ya ji tsoro!" Yara suka ɗauka baki ɗaya. Yayana ya dube ni kamar yana tambaya, na ɗaga masa gwangwani. Taubashina ya miƙe yana cije leɓe, don ba zai yarda bawansa ya kira shi matsoraci a gaban mutane ba. Suka koma baya. Da farko a hankali suka taho, kamar yadda muka saba. Ko yayana ne ya manta ya ƙara sauri, ko ƙafar ce ta maƙale a tushiyar kara, ban sani ba, kuma na tambayi kaina sau da yawa. Abin da na sani shi ne ƙarar.

Baba Ƙarami ne ya saɓo shi a kafaɗa zuwa zaure. Gwaggo ta fito ba mayafi. Kaka ya kori kowa, ya bar maza biyu su riƙe yaron. Ina laɓe a bakin ƙofa sai na ji ya ce, "Kai, ɗan rediyo. Shigo."

Ya miƙa mini ƙwaryar man shanu in riƙe. Ya bi ƙwaurin da yatsunsa a hankali, idonsa a rufe, yana addu'a. Can ya buɗe ido ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Wanga ƙashi sau biyu aka taɓa shi. Na fari ya tsage. Na biyu ya karye."

Sai ya juyo gare ni. Ba faɗa a muryarsa, kamar dai yadda ya tambayi zancen ƙanƙara. "Ina gwangwanin naka? Ai yanzu ne aiki ya samu. Faɗa wa mutane abin da ke faruwa."

Ya ja ƙafar. Taubashina ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan adam ya yi ba.  Na tsaya riƙe da ƙwaryar man shanu, ban yi sharhin ba.

Bayan kwana shida ubansa ya zo, ya tsaya a kansa ya daɗe, sannan ya ɗauki hatsi da gwaggo suka koma arewa. Awakin kuwa, ƙaninsa aka ba wa. Kaka ya ce ni zan yi jinya, ba a kuma nemi ra'ayina ba. Kwana arba'in ina dawowa daga lakwal, wato makaranta, in wuce zaure. A nan na ga abin da kaset bai nuna ba. Ƙaiƙayin da ke ƙarƙashin karan ɗori, wanda ba halin sosawa. Ƙudaje. Kaskon da nake fitarwa in wanke. Yadda yake juya fuska bango in an ambaci Azagor. Sandarsa tana jingine a kusurwa, kuma da ita ya fara koyon takawa. Ƙafar ta haɗe, amma ta gajarce da kamar faɗin yatsa biyu. Kaka ya ce a duk ɗorin da ya yi, wannan ne yake jin kunyarsa, ko da yake ni ban ga laifinsa a ciki ba. Mai irin wannan ƙafa ba ya bin garke wuni guda. Taubashina bai koma daji ba, a gidanmu ya girma.

Lokacin da nake jami'a na yi ta bincike a kan irin shirin nan, don ina so in san su wa suka yi shi, kuma me suke tunani. Abin da na fahimta, in ban yi kuskure ba, shi ne a da gidajen tele da yawa sun ɗauki karo a matsayin abin talla, saboda shi ke tara ƴan kallo. Daga baya aka fara jin labarin tsofaffin ƴan wasa da kawunansu suka taɓu, sai aka ja baya. Yanzu in mutum ya ji mummunan rauni, sau da yawa sai ka ga an kau da hoto, an nuna ƴan kallo ko sararin sama. Ina ganin wannan ci gaba ne. Sai dai in Kaka yana raye, ina jin da zai jira har ƙarshe, ya sake naɗe buzunsa. Har yanzu ban ga sun bi wanda ya faɗi zuwa gida ba.

Taubashina dillalin dabbobi ne yanzu a kasuwar Dakoro. Yakan dubi akuya daga nesa ya gaya maka daga wace rijiya ta sha ruwa. Da kakar bana na same shi a rumfarsa, babban ɗansa yana kallon ƙwallo a waya. Aka kayar da wani, aka kau da hoto, saurayin ya yi tsaki. "Don mi ba su maimaita ba?"

"Tambayi bawana," in ji ubansa. "Shi ne sarkin maimaici."

Na daɗe ina shirya maganar a raina, shekaru ma. Sai ta fito a karkace. Na ce ina jin wataƙila ranar nan na ji lokacin da ya ce in bari.

"Wataƙila?" Ya kwashe da dariya har yana dukan cinya. "Duk karatun nan da ka yi, wataƙila ka samo?"

"Na ji ka," na ce. "Ka yafe mini."

Ya dubi awakin da ke ɗaure a turke. Aka kira sallar la'asar. Ya ɗauki tsohuwar sandarsa, ya miƙe, ya ɗauko wani gwangwanin madara da ake auna dusa da shi, ya cusa mini a hannu.

"Bawa ba ya samun yafiya a zaune. Daga nan har masallaci, ka yi mini sharhi. Da ƙarfi, kowa ya ji. Kuma ban da wataƙila."

Na dubi kasuwa, cike take da mutanen da suka san ni da biro da takarda. Na kai gwangwanin bakina. Na ce ga shi nan ya taho, ya sa ƙafar dama, ya jira ta hagu ta iso. Na ce wannan shi ne wanda ya faɗi, kuma nan aka kawo shi. Dillalai suna ta dariya, shi yana gaba yana ɗingishi, ko waiwaye bai yi ba. Sai da muka kai bakin masallaci ya tsaya cire takalmi, ya dafa kafaɗata don kada ya faɗi.