Ruwan Kurra Mai Tashi da Rani

Talata

Mun bar Rafin Guza ƙarfe biyar na asuba, ni da yayana Tanko, dukanmu masunta. Aminina Bulus, mai gadi a madatsar ruwa ta Kurra inda ake yin lantarki, shi ya aiko da wasiƙa mu zo mu ga kifi. Da kaina na karanta wasiƙar, don shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci. Jirgin ƙasa ya tashi bakwai da rabi. A Kafanchan muka ci doya da manja ta sisi, muka kwana a tasha.

Laraba

Mun sauka Bukuru da azahar. Direban babbar mota ya ce taru ma sai an biya masa wuri, sai fa in mai shi zai zauna a kai. Yaya ya zauna a kai kusan mil arba'in. A Kurra matar Bulus ta tarbe mu da tuwon acca.

Alhamis

Tafkin faɗi gare shi, ruwan kwance shiru, ana bi da shi ta manyan bututu zuwa injuna. Da Bulus ya tafi aiki, muka gangara ƙasan madatsar, inda rafi ya janye ya bar kududdufai cike da tarwaɗa. Yaya ya shiga tsakiya da taru. Ni kuwa na tsaya gaban wani allo ina haɗa baƙaƙe a hankali: ana sakin ruwa ƙarfe huɗu, kowa ya fita. Na duba, inuwata ta riga ta fi ni tsawo.

Na kira Yaya na faɗa masa. Ya dubi sama, ya ce shekara arba'in yana su, bai taɓa ganin kogi ya kawo da rani ba.

"Yaya, wannan ruwan ƙofa gare shi, mutum ke buɗewa."

"Kai da bokonka. Bari in ja sau ɗaya."

Ban yi musu ba. Na shiga na naɗe tarun na yi gaba, dole ya biyo ni yana faɗa. Ba mu gama hawa gaɓa ba muka ji ƙugi. Nan take ruwa ya shanye dutsen da ya ajiye takalmansa.

Asabar

Mun iso gida da la'asar. Maƙwabta suka taru suna tambayar kifi. Yaya ya nuna ni ya ce, "Ku bar zancen kifi. Ba don ƙanen nan nawa ba, da zaman makoki kuka zo."

Na gode wa Allah da Ya dawo da mu mu biyu, na gode wa Bulus da iyalinsa.