Titin da Ya Raba Mu da Makaranta

Shekarar da 'yata ta isa shiga firamare, muna haya a gidan ƙarshe na unguwar Sa'alaba, bakin titin da ya raba mu da unguwar gaba. Makarantar 'yan mata tana tsallaken titin. In ina shanya a saman gida, har karatunsu nake ji.

Na kwashi iƙamarmu, wato katin izinin zaman baƙi, da takardar haya na je. Mudira, shugabar makarantar, ta duba kwamfuta ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, ku 'yan Sa'alaba ne. Ki kai ta makarantar unguwarku."

"Ga gidanmu can, ta tagar nan taki ma ana hangowa."

"Ba ni na ja layin ba."

Na nufi ta unguwarmu a ƙafa, rana na dukan abayata. Can kuma suka ce tunda ƙofarmu titi take kallo, lambar gidan ta faɗa ɗaya ɓangaren. Na tafi ofishin ilimi, aka ce bukra, wato gobe. Na koma, aka sake cewa bukra. Maigidana direba ne, kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ba ya barinsa fita da safe, ni kaɗai nake ta wannan zarya har aka buɗe makarantu.

Na riga na ɗinka wa yarinyar maryul, rigar makaranta. Kullum da safe sai ta saka, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon sa'anninta suna tsallakawa.

"Yau ma ba ni?"

Ban san lokacin da na ja hannunta muka shiga ofishin mudirar tsallaken titi ba. Na durƙusa, ni da ko gaban mahaifina ban saba roƙo ba. "Don Allah, ko a ƙasa ta zauna. Ba ta da surutu."

Matar ta kawar da kai, idonta ya ciko. "Wallahi kujerun sun cika. Halas, magana ta ƙare."

Yayata da ke can unguwar Khumra ce ta ce in kawo yarinyar ta zauna wurinta, makarantarsu da sauran wuri. Na haɗa mata kaya ina kuka, ita tana tsalle.

Ranar Alhamis nake zuwa ganinta, in na samu mota. Wata rana ina mata kitso tana ba ni labari, sai ta ce, "Umma ta ce in daina shan sanyi." Na ɗan jima kafin na gane yayata take nufi. Na ce ta gyara zama, na ci gaba da kitson.