Hepzibah Mai Kifi da Madam Rosalba

Hepzibah Crowther ta tsufa tana sayar da kifi a bakin tekun Whitby, kuma duk garin an san ba ta yarda da kowa ba. Ko fasto ne ya yi mata fara'a, sai ta ce da walakin. Teku ta cinye mijinta, ta bar ta da 'ya ɗaya, Lettice, wadda ta tafi aikatau gidan wani mai masaƙa a Leeds.

Wata rana ta je ganin yarinyar. Tana tafe sai ta tarar mutane sun yi cincirindo a tagar wani mai ɗaukar hoto, suna kallon ƙananan katunan hotunan 'yan sarauta da mawaƙa da ake saye a adana. Ta kutsa. A tsakiyarsu ga wata cikin siliki ta dafa kujera, an rubuta Madam Rosalba ta Italiya. Hepzibah ta ƙura wa haɓar nan ido, ta gane ta Lettice ce, ta faɗa shagon da ƙarnin kifinta.

"Wace ce waccan?"

"Mawaƙiya ce, Iya, ba sa'arki ba," in ji mai shagon, yana toshe hanci.

"Italiya, ko? Ni na yaye ta, kuma ban taɓa taka Italiya ba."

Ya hau gyaran kwalarsa.

Ta nufi gidan mai masaƙar, ta bi ta ƙofar baya ta iske Lettice a kicin tana goge cokula.

"Sannu, Madam. Wa ya saya miki silikin? Me kika ba shi?"

Lettice ta fashe da kuka. Rigar ta mai hoton ce, in ji ta. Ran Lahadi ya tare ta, ya ce fuskarta ta manya ce, zai ɗauke ta kyauta. Sunan ma a tagar ta fara ganinsa.

"Mama, uwargijiyata ma ta sayi katin. Yana falo kusa da na wata gimbiya. Kullum ina kai mata shayi, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba."

Hepzibah ba ta gamsu ba. Ta zazzage akwatin yarinyar, ba ta sami komai ba sai safa masu faci. Duk da haka ta tasa ta gaba suka koma Whitby. Daga baya Lettice ta auri wani mai gyaran komar kamun kifi.

Masu hoto sun yi ta zuwa bakin teku da rani suna roƙon tsohuwar ta tsaya da kwandonta. Har ta rasu ba wanda ya sami fuskarta.