Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Har yau in na buɗe sabon littafin rubutu sai na kai shi hanci. Yarana dariya suke yi mini, ni kuwa ƙamshin takardar nan mayar da ni yake yi ƙauyenmu na wajen Shagari, ƙarƙashin rumfar kara da ke bayan ɗakin shan magani.

A nan malamar asibiti take tara mu bayan la'asar. Daga Sakkwato aka turo ta aiki, kuma ba wanda ya sa ta koyarwa. Gani ta yi muna dawowa daga firamare ko sunanmu ba mu iya rubutawa, ta ce ba za ta saɓu ba. Allonmu tsohon ƙyaure ne da aka shafe da gawayi, mu kuma a ƙasa muke rubutu da tsinke.

Wata bazara, lokacin da aka cire albasa gari duk ya ɗauki warinta, sai labari ya zo cewa wata ƙungiyar masu taimakon al'umma daga birni za ta kawo mana bencina da littattafai. Sharaɗinsu ɗaya ne: uba ko uwa ya zo ya faɗi sunan yaro da bakinsa, ya ce ya yarda. Baba ya tafi cin rani, saura Inna. Ni kuwa 'yar fari ce.

In ba a irin gidajenmu ka tashi ba, ba za ka ga abin damuwa a nan ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙi ba. Tun da na yi wayo "ke wagga" nake a bakin Inna, ƙannena kuwa tun daga bakin rijiya ake jin tana ƙwala musu kira.

Ranar dai ta zo, Inna ta tsaya can gefe da lulluɓinta. Wanda ke rubuta sunaye wani matashi ne mai fara'a, a kudu ya tashi, Hausarsa ma tana ɗingishi. Da layi ya zo kanmu ya ce, "Mama, wannan 'yarki ce? Yaya sunanta?"

Inna ta kau da kai ta dubi danga.

Ya sake tambaya ko ta yarda in shiga, ta ƙara jan lulluɓi. Bawan Allah ya dube ni da tausayi, ya ja layi a takardarsa, ya kira na baya. A zatonsa hana ni take yi. Ina kallo aka miƙa wa 'yar maƙwabtanmu littafi mai shuɗin bango. Ban taɓa jin haushin Inna irin na ranar ba, har na fashe da kuka.

Kukan ne ya fito da malama daga ɗakin magani. Da ta ji yadda aka yi sai ta yi dariya ta ce masa, "Ɗiyar fari ta. Ko kwana za ka yi kana tambaya, ba ka jin sunan ga bakinta." Sannan ta juya wajen Inna, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Inna, yarinyar nan da ke gidanku, in anka ba ta littafi akwai laifi?"

Inna ta amsa wa danga. "Wa yah hana ta? Ku ba ta, ko ta rage min surutu."

Aka kwashe da dariya, matashin ya yi ta ba da haƙuri. Sunan kuwa malama ta ba ni alli ta ce in rubuta da kaina a jikin ƙyauren, ya kwafa. Harafi ɗaya ma a juye ya fito, amma ya karɓa haka nan. Shekara uku na yi a rumfar, daga nan na wuce sakandare.

Yanzu ni ce ke tara yara da yamma a Bodinga bayan na tashi daga aiki, kuma 'yan ƙungiya na leƙo mu da littattafai. Iyaye mata na yanzu kan tsaya a gabana su rattaba sunan 'ya'yansu na fari ba ko gezau. Ba na ganin laifinsu, aiki ya fi sauƙi.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa, har yau ba ta faɗa ba. Bara ƙanena ya saya mata waya, ya lura duk wanda ya kira sai an duba mata sunan, ban da ni. Da ya matsa mata da tambaya ta ce tun bazarar nan ta bi malama a ɓoye ta koya mata haruffa biyar na sunana, ta ce sun ishe ta.

Na kira ta na ce na ji labari. Sai ta ce, "Ke wagga, kin ci abinci?"