Ranar da Na Yi Kyautar 'Yar Tsanar Mahaifiyata

Shekaru sun shafe abubuwa da dama daga zuciyata, amma wata Juma'a da na yi a zauren wani otal a Dubai ba ta cikinsu, kuma ba na tsammanin za ta taɓa shiga. A ranar ne na ɗauki abu mafi daraja da na mallaka, na miƙa wa wata baƙuwa da ban taɓa gani ba, da hannuwana biyu, ina murmushi, alhali ko kaɗan ban yi niyyar ba ta ba.

A lokacin ban daɗe da kammala digirina a fannin Hausa ba. Aikin koyarwar da na nema bai samu ba, sai wani ƙanin mahaifina ya samo mini gurbi a wani ofishin kago da ke unguwar Deira ta Dubai, inda muke karɓar kayan 'yan kasuwarmu muna aika musu gida. Ɗaki ɗaya nake zaune da wata Hajiya 'yar Damagaram mai fataucin mayafai da turare, wadda ta yi karatun boko mai zurfi da Faransanci kafin ta faɗa kasuwanci. Ta kai ta haife ni, don haka nake kiranta Inna. Ita kuma Malama take ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana, saboda yadda nake ɗaure fuska duk sa'ad da ta cakuɗa Hausa da Larabci da Faransanci a cikin jimla guda.

Tun ina jami'a na fara tara 'yan tsana irin namu na gargajiya, domin a kansu na yi binciken kammala karatu. Ina da na kara, da na yumɓu, da na tsumma, kuma da zan taho ban yarda na bar su ba. Sai dai akwai guda ɗaya a cikinsu da ba bincike ne ya kawo ta hannuna ba. Mahaifiyata ce ta yi mini ita ina ƙarama, da ƙashin ƙafar ragon layya. Ta kankare shi ta shanya, ta liƙa kakin zuma a kai, ta dasa baƙin zare ta yi mata kitso, sannan ta yanko bakin zaninta ta ɗaura mata. Ba ta da ido, ba ta da baki, kamar yadda aka saba yin irinta. Mahaifiyata ta rasu ina sakandare, aka raba kayanta, kuma ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Wannan 'yar tsana ita kaɗai ce abin da ya rage mini wanda hannunta ya taɓa.

Wata rana na ga sanarwa a jarida cewa masu sha'awar tara 'yan tsana za su yi taro, kuma duk mai wasu yana iya zuwa a ba shi teburi ya baje. Da na gaya wa Inna, sai ta ajiye cokalin da ke hannunta.

“Manyan mutane, Malama? Da furfurarsu? Su bar aikinsu su taru a kan 'yar tsana?” in ji ta. “Wallahi sai na je na ga wannan da idona. Yalla, ki rubuta sunana.”

Ranar taron muka tsallaka ruwa a cikin abra, ƙaramin jirgin katakon nan da ke jigilar mutane, kwalina a kan cinya na rungume shi kada feshin ruwa ya taɓa shi. Da muka shiga zauren, na tsaya ina kallo. Tebura ne jere, an shimfiɗa musu farin ƙyalle, a kansu 'yan tsana masu shuɗin ido da gashi kamar na mutum, wasu a cikin gilashi, wasu a cikin kwalayen da aka sayo su ba a taɓa buɗewa ba. Masu su sanye suke da farar safar hannu, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a ɗakin mara lafiya. Inna ta tsaya gaban wata da ke cikin kwali ta daɗe tana kallo.

“Wannan tun da aka saye ta ba a taɓa wasa da ita ba?” ta tambaye ni. Na ce haka ne, wai hakan ne ke ƙara mata daraja. Ta girgiza kai. “To me ta yi musu suka kulle ta?”

Ni kuwa kunya ce ta kama ni da na fara fito da nawa, kara da yumɓu da ƙashi a tsakanin wannan ƙawa. Amma ban gama jerawa ba mutane suka fara tsayawa. Suna tambaya ina amsawa da Turanci, ina bayyana musu yadda 'yan mata a garinmu kan yi wa 'yar tsana biki, su dafa abinci a gwangwani, su kai amarya gidan ƙawarsu da guɗa. Ban taɓa jin daɗin ilimin da na samu kamar wannan safiyar ba.

Da azahar ta yi, Inna ta tafi neman wurin salla, ta ce in ta dawo sai ni ma na je. Tafiyarta ke da wuya wata tsohuwar Baturiya ta iso teburina, siririya, gashinta fari fat. Turancinta kaɗan ne, daga baya na gane Faransanci ne harshenta. Ta wuce na kara da na yumɓu, idonta ya tsaya a kan ta ƙashin. Ta nemi izini da hannu, na ɗaga mata kai, ta ɗauke ta a hankali tana juyawa. Ta duba kitson, ta duba inda ƙashin ya yi santsi saboda yawan riƙo. Sai ta ɗora hannu a ƙirji ta ce mini, cikin gutsattsarin Turancinta, ba ta ga mai kyanta ba a duk zauren.

Kowa ya san yadda muka taso. Idan babba ya yaba abinka, ba ka tsayawa kana kallonsa. Sai ka ce masa, “Ai naka ne, ɗauka mana.” Shi kuma ya san amsar da zai bayar: “A'a, Allah ya bar maka kayanka, a wurinka ya fi kyau.” A haka ake rabuwa, kowa ya fita kunyar kowa, abu kuma yana hannun mai shi. Ban yi tunani ba, bakina da hannuwana ne suka yi abin da aka koya musu. Da ta miƙo mini ita, na mayar da hannunta da hannuwana biyu, na ɗan rusuna, na ce mata da Turanci ai tata ce.

Na tsaya ina jiran amsar da na saba ji. Matar ta dube ni, idonta ya ciko da ƙwalla. Ta sake tambayata ko da gaske nake, ni kuma, da yake a wurinmu tayi ɗaya rowa ce, na sake cewa tata ce. Sai ta rungume ni, ta yi ta godiya, ta juya ta shige cikin jama'a da 'yar tsanar mahaifiyata a ƙirjinta.

Na zauna a kujera ina kallon gurbin da ta bari a kan farin ƙyallen. Wani ya zo yana tambayata game da na yumɓu, ban san abin da na ce masa ba.

Inna na dawowa ta dubi teburin, ta dube ni. “Ina ta gyatumarki?”

Na gaya mata abin da ya faru. Ta dafe kai. “Innalillahi! Kin yi wa Baturiya tayin Hausa? Malama, nan kin ga kasuwar Kurmi ce? Waɗannan in kin ce musu bisimilla ga abinci, zama suke yi su cinye har da ƙanzo!”

“Na riga na bayar, Inna,” na ce. “Ba zan iya zuwa na ce ta dawo da ita ba. Yara ma in sun yi haka dariya ake yi musu.”

“To a yi miki dariyar. Wa ya san ki a nan?”

“Ni na san kaina.”

Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta sassauta murya, abin da ba ta cika yi ba. “Ɗiyata, saurare ni. Yau in kin bar ta ta fita da ita, gobe tana wata ƙasa, khalas, ba ke ba ita har abada. Kunyar nan ta yini ɗaya ce. Waccan kuwa kwana za ki riƙa yi da ita har ki tsufa. Zaɓi ɗaya.”

Na ce to ta je ta karɓo mini, tunda ta iya harshensu. Ta ƙi. “Ba ni na bayar ba. Zan ara miki Faransancina, amma maganar daga bakinki za ta fito. Ba ke ce kullum kike gyara mini Hausa ba? Yau sai ki haɗa mana jimla mai kyau mu ji.”

Muka bi layin teburan muna dubawa, ina tsoron ko ta riga ta tafi, ina kuma tsoron samunta. A can ƙarshen zauren muka hango ta. Ta fara haɗa kayanta, akwati a buɗe a gabanta, tana naɗe wani abu a cikin farar takarda mai laushi. Da ta gan ni fuskarta ta washe, ta ɗago hannu. Wannan fara'ar ta fi komai yi mini nauyi.

Inna ta gaishe ta da Faransanci, matar ta yi mamaki, suka ɗan taɓa hira. Sannan Inna ta juyo gare ni ta ce, “Bisimilla.” Duk jawabin da na tsara a hanya, mai ɗauke da gabatarwa da ban haƙuri da bayanin al'ada, ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito kawai shi ne: “Mahaifiyata ce ta yi mini ita. Ta rasu. Ba ni da komai nata sai ita. Don Allah ki mayar mini.” Ina faɗa hawaye na zuba, Inna na fassarawa. Daga baya ta ɗora da nata bayanin, na ga tana kwatanta miƙawa da mayarwa da hannu, na gane al'adar take warware mata.

Fuskar matar ta yi ja. Ta rufe baki da hannu, ta yi wata doguwar magana. Inna ta ce, “Tana ba ki haƙuri. Ta ce tun tana budurwa take tara su, kuma duk saya ta yi, ba wanda ya taɓa ba ta kyauta sai yau, shi ya sa murna ta hana ta tunani. Ta ce da ta ga yadda ƙashin ya goge, ya kamata ta san akwai mai ita.”

Ban san inda zan sa kaina ba. Ni na yi kuskuren, ita ke neman gafara. Ta cire safar hannunta, ta warware takardar, ta gyara wa 'yar tsanar ɗaurin zaninta da ya ɗan zame, ta sa mini ita a tafin hannu ta rufe da nata. Sannan ta tambayi Inna abin da ya kamata ta ce tun farko. Inna ta koya mata, ta maimaita har harshenta ya kama, ta dube ni ta ce, “Allah ya bar miki.” Na amsa da amin, kuma ban taɓa faɗin amin da ta fito daga can cikin zuciyata kamar wannan ba.

Na roƙe su su jira ni. Na koma teburina na zaɓo mafi kyau a cikin na kara, wata amarya mai mayafi da na samo a wani ƙauye lokacin bincikena, wadda nake ji da ita ƙwarai. Na kawo na miƙa mata. Ta ɓoye hannuwanta a baya, ta dubi Inna da alamar tambaya.

“Tana so ta ji ko wannan ta gaske ce ko irin ta ɗazu,” in ji Inna, tana ƙyalƙyala dariya.

“Ki ce mata wannan na yi shawara da zuciyata kafin na ɗauko.”

Sai ta karɓa. Mu ukun muka tsaya muna dariya da jiƙaƙƙun idanu, masu safar hannu na waiwayenmu.

Ban sake ganin wannan mata ba, Inna kuma ta daɗe da komawa Damagaram, amma ba na yin addu'a na manta da su. Ɗaya ta ƙi barina na ɓuya a bayan kunya, ɗayar kuma tana da ikon cewa kyauta ta riga ta zama tata, amma ta mayar ba tare da ta bar ni na ji na ƙasƙanta ba. Har gobe ina ƙaunar ladabin da aka rene mu a kai, sai dai na gane cewa yana aiki ne tsakanin waɗanda suka san amsarsa. Tun daga ranar ba na barin bakina ya yi kyautar da zuciyata ba ta amince ba, kuma idan abu ya kai a roƙa, ina buɗe baki na roƙa tun mai shi bai yi nisa ba.