Dakta Munzali Sodangi, Malamin 'Yata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Alhamis, 14 ga Agusta, 2025, Allah ya karɓi ran Dakta Munzali Sodangi, aka yi jana'izarsa a Rawayau ta ƙasar Kurfi.

Munzali, tare muka koyar da kimiyyar sinadarai a Dutsin-Ma, kuma na girme ka a aikin. Darasin daidaito tsakanin ruwa da tururinsa nawa ne kafin ka zo. Ni nakan cika allo da lissafi. Kai kuwa sai ka ɗora gaurayen sifirit da ruwa a wuta, ka tari tururin da murfin tukunya, ka ce wa ɗalibai su sansana ɗigon. Da hancinsu suka gane cewa mai saurin tashi ya fi yawa a tururi. Ajinka ya cika har taga, nawa kuwa akwai wurin shimfiɗa tabarma.

Masu haɗa humra a Karofi sun kawo maka kukan ƙamshinsu yana gudu. Ka je da kanka a kan babur, ka nuna masu su cika kwalba, su toshe, su raba ta da rana. Ni ma na san wannan, amma ba ƙofata suka ƙwanƙwasa ba.

Duk wannan na jure. Sai 'yata Yasmin ta tashi binciken digirinta na biyu, a kan gaurayen da tururinsa ke fita daidai da ruwansa, har tafasawa ta kasa raba su. Fannina ne. Amma ta zaɓe ka ka duba mata aikin. Kullum a gidana, “Malam ya ce.”

Bayan sadakar uku na tarar da ita a zaure, idanu jawur.

“Yanzu wa zai duba mini sauran aikin?”

Na ce, “Ga ni, ai ban mutu ba.”

Ta ce, “To, Baba. Amma shi ba ya tsawa idan na yi kuskure.”

Na karɓi aikin, Munzali. Zan sassauta murya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya Halimatu Sa'adiya, da ɗanka Abdullatif, da jama'ar Rawayau, da kuma Yasmin, wadda ta yi rashin uba alhali ina raye.